Fulogi Shida da Na Miƙa wa Surukina

A layin kanikawa na Kazaure shago ɗaya ne mace ke zaune a ciki, kuma nawa ne. Asalinsa na maigidana ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, danginsa suka kawo shawarar a sayar da kayan a rufe wurin, na ce wanda ya isa ya zo ya ɗauki ko noti ɗaya. Ba wanda ya zo. Na fita takaba na buɗe shagon ban san ko bihim ba, ina kallon lambobin jikin kwalaye kamar sawun kiyashi. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, kullum bayan la'asar, benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, suna dariyar yadda nake damƙe fensir kamar muciya. Suka yi dariyarsu suka gaji, ni kuwa na iya. Abin da ya kai ni ajin shi ne in karanta lambar fulogi da idona, kada wani ƙato ya karanta min.

Ina sayar da bel da filta da baƙin mai, amma da fulogi aka san ni. Ina da ƙa'ida, kuma saboda ita ake cewa ba ni da mutunci. Ba na sayar wa kowa fulogi sai ya kawo min tsohon da ya kwance. In juya shi, in shinshina, in kankare da farce. Idan baƙin hayaƙi ne ya rufe shi, in ce motarka shan mai take yi, je ka gyara tukuna. Idan jiƙe yake da baƙin mai, in ce ba fulogi ne ciwonka ba, kada ka ɓata min kaya. Sannan kowane kwali sai na buɗe shi a gabanka, na jera sabon da tsohon a tafin hannuna. Direbobi su yi ta tsaki suna cewa sauri suke yi. In ce ga hanya nan.

Dalili kuwa, fulogi ba ɗaya ba ne, ko da duk sun shiga rami ɗaya sun ɗauru daram. Idan ka leƙa ƙasansa za ka ga wani farin tangaran ya rungume ɗan tsinken da ke ba da wuta. Mu hanci muke ce masa. Mai dogon hanci riƙe zafi yake yi, shi ya dace da ƙananan motocin da ke rarrafe daga kasuwa zuwa tasha, don zafin ne ke ƙone masa datti. Mai gajeren hanci kuwa da ya ɗauki zafi sai ya miƙa wa jikin inji, shi ake sa wa motar da ake kora da gudu. Ka sa mai dogon hanci a irin wannan motar, a cikin gari ba za ka ji komai ba, har ma ka yaba. Sai ka hau doguwar kwalta ka danne totur, hancin ya yi ja kamar garwashi, ya riƙa kunna fetur tun lokaci bai yi ba. Daga nan fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ke narkewa, inji ya mutu maka a tsakiyar gudu.

Mijin 'yata ta fari fataucin hatsi yake yi tsakanin Babura da Kano, kuma ba shi da wani aibi sai mota. Ya sayo wata baƙa ƙirar Jamus mai silinda shida, bai ƙoshi ba, ya sa aka ƙara mata tobo mai ƙara wa inji ƙarfi, aka sauya salansa. Idan ya taso daga bayan dutse, kajin unguwarmu sun sani. Duk layin nan ba direban da ban wanke tas ba a kan gudu, sai shi kaɗai. Surukina ne. Shekara shida yana auren yarinyar nan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa ambaton sunansa ba, ba ni da lambar wayarsa. Idan ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuma in juya wa bango fuska in amsa. Haka na ga uwata ta yi da maigidana, haka nake yi. Abin da zan faɗa masa, ta bakin yarinyar nake aikawa, ita ma ba kai tsaye ba, tunda 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira.

Ta bakinta ya aiko cewa yana son fulogi shida na motar. Na san irin da take ci, masu gajeren hanci da siririn tsinke, ba a ajiye su a nan don ba mai saye. Na sa aka kawo min su daga Kano, shida cif, na jera a kantar da ke bayana.

A damina ne. Makonni biyu kafin nan kwanon shagon ya yi yoyo, ruwa ya jiƙe wani katan na fulogin ƙananan motoci, kwalayen suka narke kamar tuwo. Ni kuwa na gaji maigidana a hali ɗaya, ba na yar da kwali. Akwai buhu guda na fankon kwalaye da ya tara shekara da shekaru, har da na masu tsada irin na surukina. Na goge jiƙaƙƙun fulogin na shanya, na zuba kowanne a fankon da na samu, na ja masa layi da jan biro a ƙasa don in gane. Na ajiye su a kantar ƙasa. Sai kuma gara ta kama katakon kantar ƙasan, na kwashe su na mayar sama, kusa da na surukina. Ban damu ba, tunda ni ce mai buɗe kowane kwali.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na ji kukan motar tun daga nesa. Na gyara mayafi na juya kujera. Ya tsaya can gefe, ya tako, na ji ya cire takalmi a kan ƙasar da duk baƙin mai ne.

"Inna, barka da hantsi."

"Barka kadai. An tashi lafiya?" Da bango nake magana.

"Lafiya lau. An ce saƙon ya iso."

"Ya iso."

Na san za su Babura ranar, sunan jaririn ƙanwarsa ake yi. Zai fara zuwa Gwiwa ya ɗauko mahaifiyarsa, sannan su wuce, shi da ita da 'yata da jikata mai shekara huɗu. 'Yata kuwa tana da ciki wata bakwai.

Maganar ta zo min har baki: ina tsohon? Amma in ce wa surukina ya je ya kwanto min fulogi, in tsare shi a gabana ina jujjuya ƙarfe ina yi masa tambayoyi kamar yaron mota? Na haɗiye maganar. So nake kawai ya tashi daga durƙuson nan, mutane na kallo. Na miƙa hannu gefe ba tare da na ɗaga kai ba, na lalubo kwalaye shida, na zuba a leda, na tura zuwa ƙarshen benci. Ya sa hannu biyu ya ɗauka. Shi ma bai buɗe ba, don buɗewa a gabana kamar ya ce bai yarda da ni ba ne. Ya yi godiya ya ja da baya.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce wa bango.

An yi awa ɗaya da wani abu, sai ga wani dattijo mai ƙaramar tasi da ke jigilar Roni, ya zo da tsohon fuloginsa a aljihu, don ya san hali. Na duba na ce huɗu masu dogon hanci. Na juya na ɗauko daga kanta, na buɗe na farko.

Gajeren hanci. Siririn tsinke.

Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. Na kifa kwalayen ina neman jan biro, babu. Na zazzage su a cinyata, shida cif, suna ƙyalli. Na surukina ne. To me na zuba masa a leda?

"Hajiya, lafiya? Ko kunama ce?" in ji dattijon.

Na lalubo waya na kira 'yata, a kashe. Kwana uku ba a kawo wuta a unguwarsu ba, ta ma faɗa min jiya. Na sake kira, kamar kiran zai sa mata caji. Na ƙulle fulogin shida a bakin mayafi na miƙe.

"Ja min ƙofar nan, Malam."

"To nawa fulogin fa?"

"Motarka ta mutu yau ɗaya, ba abin da zai same ka!"

Garejin da surukina yake kai motar yana ƙarshen layi, na wani tsohon abokin maigidana ne. Rabon da in yi gudu tun ina budurwa, amma ranar na yi, takalmi ɗaya ya fice na koma na ɗauka. Na sami bakaniken a ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai ake gani. Na shuri tafin ƙafarsa.

"Fito! Ka ɗaura wa mutumin nan fulogin?"

Ya turo kansa waje yana ƙifta ido. "Tun ɗazu. Shida duka."

"Kai ba ka da ido? Ba ka ga hancin ba?"

"Na gani! Wallahi na faɗa masa. Na ce Alhaji, hancin nan ya yi tsawo. Ya ce min, a garin nan wa ya fi sanin fulogi, ni ko ke? Ya ce da hannunki kika ba shi. Sai na ja bakina."

"Da kashin akuya na ba shi ma sai ka ɗaura?"

"Haba Hajiya, ke ce fa. Na ce ko wani sabon samfuri ne da ban sani ba."

Na kwance bakin mayafi na nuna masa. Ya kalli fulogin, ya kalle ni, ya ce innalillahi a hankali. Ya goge hannu a wando ya ciro waya ya kira surukina. Ba a samunsa. Ya sake, ba a samunsa. Ta wajen gidan mahaifiyarsa sabis sai an hau tudu.

"Tsaya mu yi tunani," ya ce. "Hanyar Gwiwa ruwa ya cinye ta, ba zai samu ya danna ba. Kuma tsohuwar nan ba ta shiri da wuri. Abin tsoro shi ne idan ya dawo ya hau kwaltar Babura, ga shi ya makara."

"Ta ina zai dawo?"

Nan ne matsalar. Ko ya biyo babbar hanya ya shigo gari, ko ya bi wani yanke ta bayan gari wanda ke fitar da mutum kan kwaltar kai tsaye. Bakaniken ya ce shi zai hau babur ya bi babbar hanya har Gwiwa. Ni in je bakin yanken in jira. Ya ɗauki sifanar fulogi ya soke a ƙugu. Na tare a-daidaita na ce wa mai ita ya sauke fasinjansa, maganar rai ce. Matar da ke ciki ta fara masifa, ta kalli fuskata, ta sauka.

A cikin a-daidaitar nan ne wani abu da na manta ya dawo min. Tun maigidana na da rai, an taɓa jawo wata mota layinmu, gabanta a murƙushe har sitiyari. Direban ya fito zai wuce tirela, yana tsakiyar wucewa inji ya mutu masa, ga wata motar ta taho. Ba duka aka kai asibiti ba, wasu gida aka wuce da su. Da aka kwance injin, maigidana ya kawo fistan ɗin gida ya ɗora min a hannu. Akwai rami a tsakiyarsa, babban yatsana ya shige. Ya ce fulogi ne ya yi wannan. A lokacin ko a jikina, tuwo nake tuƙawa. Yanzu kuwa nauyin ƙarfen nan nake ji a tafin hannuna, ina ganin 'yata a kujerar baya da cikinta, jikata a tsaye tana leƙen taga yadda ta saba.

"Ka ƙara wuta mana!"

"Inna, iyakarta ke nan. Ba jirgi ba ce."

"Ko jaki ya fi ka."

"To da kin hau jakin," ya ce, amma ya ƙara.

A bakin yanken akwai wata bishiyar darbejiya, da wata mata mai dafaffiyar gyaɗa, da mai sayar da fetur a kwalabe. Gero ya yi tsawo gefe da gefe, ba ka ganin komai sai abin da ya iso gabanka. Na diro tun a-daidaitar ba ta tsaya ba.

"Baƙar mota mai kuka ta wuce?"

"Ta Alhaji mai hatsi?" in ji mai fetur. "Ba ta wuce ba. Ai da ko barci muke mun ji."

Na ce wa mai a-daidaita ya jira. Na tsaya a bakin kwalta. Rana ta fito bayan ruwan jiya, ƙasa na tururi, zufa na bin bayana. Duk addu'ar da na kama sai ta kuɓuce min a tsakiya. Na riƙa maimaita ya Allah, ya Allah kawai. Bas ta wuce, babura suka wuce, wata motar shanu ta wuce. Zuciyata ta ce ko mai fetur ya shiga gona lokacin da suka wuce? Ko akwai wani yanken da ban sani ba? Ko yanzu haka suna can gaba, mutane sun taru, ana neman wanda ya san su? Na sake tambayarsa. Ya ce Inna, na rantse miki. Mai gyaɗa ta ce in zo inuwa in zauna. Na ce mata ta ji da gyaɗarta.

Sai na ji ta. Can cikin geron, kamar hadari na tasowa. Ba daga yanken da ke kusa da ni ba, ashe ya fito ta wata 'yar hanya can sama, ya riga ya hau kwalta, yana canja giya, kukan na ƙara siriri. Na cire mayafi na fara kaɗawa, fulogin da ke ƙulle a bakinsa suna dukan hannuna. Motar ta bayyana, baƙa, tana sheƙi, ba alamar ragewa. Wa zai tsaya wa tsohuwa mai kaɗa mayafi a bakin hanya? Zai ɗauka mai neman a rage mata hanya ce. Na ga idan ya wuce ni, shi ke nan, ba abin da zai kamo shi.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tsinci ƙafafuna a tsakiyar kwalta, hannuwana a sama.

Na ji mai a-daidaita ya ƙwalla ihu. Na ji ƙarar birki, doguwa, kamar ana yanka ƙarfe. Motar ta karkace, gindinta ya yi gefe, ta dawo, warin taya ya cika min hanci. Na runtse ido. Da na buɗe, bonet ɗin na gabana, in na miƙa hannu zan taɓa shi, zafinsa na dukan cinyoyina.

Mahaifiyarsa ce ta fara fitowa daga kujerar gaba, ɗankwalinta a wuya.

"Innalillahi! Hajiya? Mutuwa kike nema, ko mu kike so ki kashe?"

Ban bi ta kanta ba. Na zagaya wajen tagarsa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Kaina ba mayafi, na kalle shi ido cikin ido, ashe yana da wani ɗan tabo a gira.

"Kashe ta."

"Inna..."

"Na ce kashe motar nan!"

Ya kashe. Sai a lokacin na ji kukan jikata. Na buɗe ƙofar baya. Yarinyar ta bugi kujerar gaba, leɓenta ya fashe, jini a rigar sunan da aka ɗinka mata. 'Yata kuwa tana durƙushe a tsakanin kujeru, ta zame daga mazauninta, hannayenta biyu a kan cikinta, ba ta kuka. Abin da na yi gudun kada ya faru, ga shi na kusa yin sa da ƙafafuna.

Muka fito da ita, ni da mijinta, kowa ya kama hannu ɗaya. Mai gyaɗa ta shimfiɗa buhunta a ƙarƙashin darbejiyar. Mai fetur da mai a-daidaita suka tura motar gefe. Na yi bayani a tsaye, gajere: fulogin da na ba shi ba na motarsa ba ne, ban duba ba, ga nasa nan.

"A kan ƙarfe shida?" in ji mahaifiyarsa, tana goge wa jikarmu baki. "A kan ƙarfe shida kika shiga gaban mota? Da ya take ki fa? Ya zauna da 'yarki ta yaya?"

"Ni na yi, Hajiya. Ki faɗi duk abin da kike so."

Surukina ya sunkuyar da kai. "Ɗazu da muna hawan tudu na ji tana wani ƙas-ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani," ya ce da ƙasa. "Na ɗauka man da na sha ne."

Ya nufi bonet zai buɗe. Na ce kada ya taɓa komai sai ta huce, idan aka kwance fulogi da zafi zaren ramin ke biyo shi. Mai fetur ya san bakaniken, ya kira wayarsa, aka yi sa'a ta shiga, ya ce ga shi nan juyowa.

Na koma wajen 'yata na tsaya a kanta. Ta ɗago ta dube ni, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Inna, ya daina motsi."

"Tun yaushe?"

"Tun safe yake ta shurina, har a mota. Yanzu shiru."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na tambaye ta ko tana jin ciwo, ko ta ga jini. Ta ce a'a, sai dai ƙirjinta ya bugi kujera. Na ce wa mai gyaɗa ko akwai abin sha mai sanyi da zaƙi a kusa. Ta ruga wani gida ta dawo da zoɓo a kofin silba. Na sa 'yata ta shanye, na ce ta kwanta ta gefen hagu. Sannan na ɗora hannuna a kan cikin, a gaban mijinta da uwar mijinta da 'yan kallo. Cikin ya yi tauri kamar ƙwarya. Na danna kaɗan, shiru. Na matsa hannun ƙasa, shiru. Motoci na wucewa suna rage gudu don su kalle mu. Mahaifiyarsa ta daina faɗa, ta zo ta tsuguna ta ɗayan gefen tana jan carbi.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ji baburin bakaniken ya iso, na ji an buɗe bonet, na ji ya ce a ƙara jira kaɗan, daga baya na ji ƙarar sifana. Ya kawo min fulogi na farko a kan tsumma. Hancin ya yi fari fat kamar alli, ya yi ƙuraje. Na biyu da na uku haka. Na huɗu kuwa tangaran ɗin ya tsage, tsinken ya fara narkewa ya dunƙule, ga wasu ɗige-ɗige na farin ƙarfe a jikinsa.

"Wannan daga kan fistan suke," ya ce. "A hanyar ramuka ke nan. Da ya samu kwalta ya danna, ko rabi ba zai kai ba."

Surukina ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ni ko ɗaga hannuna ban yi daga inda yake ba.

Sai na ji shi. Ɗan ƙaramin abu, kamar kifi ya juya a ƙarƙashin tafin hannuna. Na ɗauka jijiyar hannuna ce ke rawa. Sai ya sake, wannan karon da ƙarfi, dunduniya sosai.

"Ya motsa," in ji 'yata, sai kuma ta fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi," in ji mahaifiyarsa. "Ɗan banza, barci ya samu."

Bakaniken ya ɗaura sababbin. Sai da na tashi na buɗe hannunsa na duba kowanne kafin ya shiga rami. Aka tayar da mota, ya kara kunne, ya ce ba laifi, amma a bi ta a hankali, gobe a kawo masa ya leƙa cikin silinda ta huɗu. Mahaifiyarsa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce to a tashi, an makara, ana can ana jira.

Na sha gaban surukina. Ya yi niyyar durƙusawa, na ce ya tsaya a tsaye.

"Matarka ce, ban isa in hana ka ba. Amma roƙonka nake yi, ka bar min ita yau. Asibiti zan kai ta su saurari cikin nan. Ku ku je sunan."

Ya kalli mahaifiyarsa. Ta ce, "Ai kuwa gara hakan. Ni zan ba su haƙuri." Ya kalli matarsa, ta gyaɗa kai.

"To Inna. Zan juyo da na sauke Hajiya."

"Ba sai ka yi sauri ba. Ka ji abin da na ce? Ba sai ka yi sauri ba."

Jikata ta ce ita sai dai ta bi mu, aka bar ta. Muka shiga a-daidaitar mu uku, 'yata a tsakiya. Motar ta tashi ta nufi Babura, na bi ta da kunne har kukan ya ɓace, ina jira in ji ko zai canja. Tsofaffin fulogin shida na ƙulle a bakin mayafina, har yanzu da ɗuminsu a cinyata. Mai a-daidaita ya ja, ya faɗa wani ɗan rami, 'yata ta dafe ciki.

"Kai! A hankali!"

"Inna, ɗazu kin ce jaki ya fi ni."

"Yanzu ka bar jakin ya wuce ka."

Haka muka shiga gari, masu keke na wuce mu, hannuna a kan cikinta ina jiran shuri na gaba.